Yauƙin Ruwan Rake da Tafiyata Ƙasar Kano

Tun ranar da na sauke kayana a Matameye ban huta da tambaya ba. In na fito daga masallaci a tare ni, in na zauna a rumfata ranar kasuwa a kewaye ni: Idi, me ka gano a ƙasar Kano? Wasu labarin ganuwa suke so, wasu na marina. Na gaji da ba da shi guntu-guntu, musamman gare ku da kuke zuwa daga nesa. Yau zan ɗauko shi daga tushe, wanda ya ji sai ya faɗa wa wanda bai zo ba.

Sana'ar gidanmu alewa ce. Ana saro rake a fadama, a feƙe shi, a yayyanka, a daka a turmi, a yayyafa ruwa a matse, a tace. Ruwan nan ake dafawa har ya zama maɗi, ya yi kauri, sannan a ja shi a jikin turke har ya yi fari, in ka karya ya ce ƙas. Daka da tata aikin Inna ne, mahaifiyata, tun tana amarya. Dahuwa da ja aikin mahaifina ne, da ya rasu suka dawo hannuna.

Kaka ta biyu bayan rasuwarsa abin ya fara. Na buɗe tukunyar ruwan rake da safe, na tsoma ludayi, na ɗaga, sai na ga ruwan ya biyo ludayin kamar miyar kuɓewa. Na dafa shi haka nan. Ya yi ta kumfa, ya kama gindin tukunya, ya ƙi ɗaurewa. Abin da na samu a ƙarshe wani danƙo ne mai ɗan tsami, ba ya karyewa, ba ya barin haƙori. Na zubar. Mako na gaba haka, na gaba ma haka.

Ana cikin wannan 'yar Tabawa, maƙwabciyarmu, ta kwanta da zazzaɓi, kwana huɗu ta cika. An ce ta lashi maɗin gidanmu kafin ta kwanta. Ban san bakin da ya fara furta kalmar ba, amma cikin kwana kaɗan ta gama unguwa: wai hannun Inna ne yake juya ruwan rake, wai mayya ce. Mata suka riƙa janye 'ya'yansu in ta nufo rijiya. Matar da ta yi wa rabin unguwar nan wankan jego, aka daina amsa sallamarta. Ranar wata Talata ta ɗaure tufafinta a zane ta ce za ta Dungu wurin ƙanenta. Na raka ta har bakin gari, ban ce ta zauna ba.

Bayan tafiyarta na bar alewa gaba ɗaya, na jingine turmin a bayan ɗaki. Sai Allah ya kawo wani madugu mai suna Sale, wanda yake kai kanwa da fatu Kano. Ya san mahaifina, ya shigo yi mana ta'aziyyar da bai samu yi ba. Da ya ji labari ya ce in nuna masa. Na daka ɗan rake, na ajiye ruwan, washegari ya dawo ya tsoma yatsa ya ɗaga.

"To yanzu wa ya daka wannan?" in ji shi.

Na ce, "Ni."

"Tsohuwar tana Dungu, ruwa ya yi yauƙi a Matameye."

Na ce mutane za su ce ta bar abinta a gidan. Ya ce ya taɓa ganin irin wannan a ƙasar Kano, kuma bai ji an kira kowa maye a kansa ba. In ina so in bi ayarinsa. Na ɗura ruwan a gora, na toshe bakin da tsumma da kakin zuma, na bar wa matata gida.

Mun tashi da jakai sun fi ashirin. Ranar farko muka ya da zango kusa da Yauri ta nan ƙasarmu, inda ƙafata ta fara sanin bambancin zuwa fadama da bin fatake. Takalmin fatar da na saka sabo ne, ya ci mini dunduniya, sai na rataye shi a wuya na taka ƙasa. Fatake ba su da yawan magana a hanya. Abin da ke bakinsu shi ne ina ruwa, ina ciyawa, wane daji ne ba a shiga sai an haɗu da wani ayari. A lokacin basasar Kano ba ta daɗe da lafawa ba, tsakanin Damagaram da Kano kuma ba daɗi, kowa a tsorace yake tafiya.

Rana ta uku, bayan mun wuce garin Zango, gorata ta yi abin kunya. Rana ta buge ta a bayan jaki, sai muka ji fus, toshiyar ta yi sama, ruwan ya malalo a kan wani ɗaurin fata na wani bafatake. Ya zo zai goge, abin ya bi hannunsa zare-zare. Ya yi salati ya ja da baya. Da ƙyar Madugu ya rarrashe shi, ni kuwa na wuni ina wanke fata da yashi. Kusan rabin gorar ya tafi. Daga nan na daina toshe ta sosai, na riƙa rataye ta a inuwar kaya.

Da muka fita ƙasar da ke bin Damagaram, garin farko da muka isa yana da kafi na itace da ƙofa ɗaya. Masu tsaron ƙofa suka sa aka sauke kaya duka. Babbansu, wani dogo mai tabon mashi a kumatu, ya ɗauki gorata ya shinshina ya yamutsa fuska.

"Kai Badamagare, mene ne wannan?"

Na ce, "Ruwan rake ne, ranka ya daɗe."

Ya karkata gorar, abin ya zubo a hankali bai yanke ba. Ya ce shi bai taɓa ganin rake mai majina ba, wannan sammu ne aka aiko ni in zuba musu a rijiya. Mutane suka fara taruwa. Madugu ya yi rantsuwa, ya kawo sunan mahaifina, ba a saurare shi ba. Dogon ya ce in dai ruwan rake ne, in sha a gabansa.

Ni kaina ban tabbata ba shi ya kashe 'yar Tabawa ba. Na yi bismilla na kurɓa sau uku. Tsami ne kawai, da wani santsi da ke bin maƙogwaro. Suka zaunar da ni a gindin kafi daga hantsi har la'asar suna jiran in faɗi. Ban faɗi ba, ko ciwon ciki ban yi ba. Dogon ya miƙo mini gorata ya ce in tafi da ƙazantata. A zaunen nan na fara tunanin cewa abin nan ba ya kisa.

A ƙasar Kazaure muka sauka kusa da wata ruga. Wata Bafillatana mai furfura ta kawo nono, ta ga ina juya gorar, ta tambaya. Da na nuna mata ba ta ko ja da baya ba. Ta ce nononta ma yakan yi haka wani lokaci, ya riƙa jan zare, sai ta wanke ƙwaryar da toka ta kifa ta a rana kwana biyu, in ya ƙi ta fasa ta. Na ce ba a ce hannun wani ne ba? Ta yi dariya ta ce in haka ne duk matan rugarsu mayu ne. Na sha furata.

Kwana tara muka yi kafin mu ga ganuwar Kano. Ba zan tsaya kan girmanta ba, kun sha ji. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mutum ya wuce mutum ba gaisuwa. Mu nan ko jaki ka gani da mai shi sai ka tambayi gajiya. Muka sauka gidan wani fatoma, mai saukar da fatake, kusa da kasuwa, mu goma sha a zaure ɗaya, da kuɗin cizo da ba su san baƙo ba. Tuwonsu na dawa ne, yana da nauyi a ciki ga wanda ya saba da na hatsi, wato gero. Furarsu ƙanana ce kuma ba ta jin yaji kamar tamu. Amma na ci wani abu da suke kira gurasa, na alkama, ana gasa shi a jikin tanderu, wannan kam ba mu da kamarsa. In na buɗe baki sai su ce in sake faɗa, su yi dariya, ni ma maganarsu sauri take yi mini.

Fatoma ya kai ni wurin wani babban mai alewa a cikin birni. Ya karɓe ni da fara'a har sai da ya ji sana'ata. Daga nan ya tsuke fuska, ya ɗauka sirrin dahuwa na zo sata. Na fito da gorar na faɗa masa maganar Inna. Ya ce shi maɗi yake saye dafaffe, bai san ciwon ɗanyen ruwa ba, amma akwai wata tsohuwa a fadamar kudu, wajen Kura, ana ce mata Iya Kande, ita ce take dafa masa, kuma maɗinta bai taɓa ƙin ɗaurewa ba.

Wuni guda na yi a hanya ni kaɗai. Na same ta a bakin murhu, 'yar ƙaramar tsohuwa, bayanta ya ranƙwafa, hannuwanta duk tabon ƙuna. Baiwa ce a da, daga kudu aka kawo ta tana yarinya, ubangidanta ya 'yanta ta kafin ya rasu. Na durƙusa na gaishe ta. Ba ta bar ni na gama bayani ba ta ce, "Miƙo."

Ta ɗiga a tafin hannu, ta haɗa babban yatsa da manuni, ta buɗe su a hankali. Zare ya miƙe tsakaninsu, siriri, bai tsinke ba sai da ya kusa kai taki guda. Ta lasa.

"Ina zaƙin?" ta ce.

Na ce, "Ya ragu, Iya."

"Ba raguwa ya yi ba, ɗan nan. Ga shi nan a hannuna. Shi ne ya zama wannan."

Ta ce in kwana huɗu a gidan in ga da idona, don abin da aka faɗa wa mutum yakan zube a hanya. Aka ba ni rumfar da ake tara ɓawon rake.

Ranar farko ta nuna mini halinsa. Ta zuba kaɗan a ruwan sanyi, ya zauna a ƙasa kamar ƙwai, ta juya ta juya har ya narke ya ɓace, amma ruwan duka ya yi santsi. A ruwan zafi nan da nan ya narke. Ta dafa wani a ƙaramar tukunya: yana kan wuta ya saki ya yi ruwa-ruwa, har na ce ya mutu, da ya huce sai ya dawo da kaurinsa, har ya fi da. Ta ce yauƙin kuɓewa in ka matsa masa wuta yakan karye, wannan ba ya karyewa. Ta jefa kanwa, bai yanke ba. Ta zuba a tsumman tata, ya toshe tsumman ya ƙi wucewa. Sannan ta shafa shi a kan tsingaro ta ajiye a rana. Kafin la'asar ya bushe ya zama wani ɓawo mai sheƙi kamar ƙaro, ana ganin tsingaron ta cikinsa, in ka kankare ya ɓare. Ta jefa ɓawon a ruwa, ya kumbura, ya koma yauƙinsa kamar bai taɓa bushewa ba.

"Shi ya sa alewarka ta ƙi," in ji ta. "Yana riƙe ruwa, ba ya saki. Yana shiga tsakanin zaƙi da zaƙi ya hana su haɗuwa. Kai kana ƙara wuta, shi yana kama gindin tukunya."

Na tambaye ta daga ina yake fitowa. Ta ce in jira.

Ta ce nawa ya tsufa a hanya, tsami ya kashe shi, sai ta daka raken da ya kwana uku a yashe, ta bar ruwan a wata tsohuwar ƙwarya mai tsaga. Washegari ya yi yauƙi, irin nawa sak. Sai ta daka sabon rake, ta tafasa ruwan sau ɗaya, ta bari ya huce, ta raba a ƙore uku da ta ƙona da tafasasshen ruwa. Ta farko ta rufe ta haka nan. Ta biyu ta ɗiga mata yauƙin ɗanye. Ta uku ta ɗiga mata yauƙin da ta tafasa. Ta ce ni zan rufe su, ni zan buɗe, kada in ce ta sa hannu.

Kwana biyu muka ba su. Na buɗe ta farko, ruwa ne tsararo mai zaƙi. Ta uku ma haka. Ta biyu kuwa, ludayi na tsoma ya taso da zare.

Na zauna a ƙasa. Ta ce, "Ni ban san sunansa ba, ban taɓa ganinsa ba. Amma abin da ɗigo ɗaya nasa yake cika ƙwarya, wuta kuma ta hana shi, ai mai rai ne. Yauƙin ba shi ne mai ran ba, aikinsa ne. Zaƙin yake ci ya saƙa shi. Wuta tana kashe mai saƙar, ba ta warware abin da ya riga ya saƙa. Yana zaune a tsagar turmi, a bakin raken da aka sare aka yar, a ƙwaryar da ba ta ga rana ba. Abin da yake nema a wurinka lokaci ne kawai."

Sannan ta dube ni ta ce, "Ubanka yaushe yake sara?"

Na ce da asuba, daidai abin da zai dafa a ranar.

"Yaushe ake dakawa?"

Na ce da hantsi, kafin azahar ruwa yana kan wuta.

"Kai fa?"

Ni da na karɓi sana'ar na ga zuwa fadama kullum wahala ce. Sai na riƙa saro na kwana uku a tashi ɗaya in jibge a zaure. Na ce wa Inna ta riƙa dakawa da yamma a bar ruwan ya kwana ya kwanta, in tashi in dafa da yawa saboda ranar kasuwa. Ta ce mini ba haka Malam, wato mahaifina, yake yi ba, na ce zamani ya sake. Turmin kuma ya tsage tun bara, na ɗaure shi da fata na ce zai ƙara shekara.

Na faɗa wa Iya Kande duk wannan. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta tura itace a murhu ta ce, "Uwarka ba ta sake hannu ba. Kai ne ka sake lokaci." Na fita bayan gida na yi kukan da ban yi ba ranar da aka binne mahaifina.

Da zan tafi na ba ta zanen da na riƙo, ta karɓa, ta ce in sare in daka in dafa a rana ɗaya, in ƙona turmi da ƙore da ruwan zafi da toka, in kifa su a rana, abin da ya tsage in sa shi a wuta. Ta ce kuma kada in yi zaton kowa zai yarda.

Dawowa ba ta da labari mai yawa. Na sami Madugu ya gama sayayya, muka biyo hanyarmu, dogon mai tsaron ƙofa ya gane ni ya tambaya ko na kawo masa majinar rake. Kwana goma muka iso.

Ban tafi Dungu ba tukuna. Na je wurin liman na roƙe shi ya tara dattawan unguwa, a kira Tabawa da mijinta. A gabansu na faɗi abin da na yi da rake da turmi, ban rage ba. Na roƙi Tabawa ta daka da hannunta, ta yarda da ƙyar. Aka tafasa, aka raba ƙore uku, aka ɗiga yauƙin da na tanada daga tsohon turmina kamar yadda na gani, liman ya kai su ɗakinsa ya rufe. Bayan kwana biyu aka buɗe a gaban kowa. Wadda aka ɗiga wa ɗanyen yauƙi ita kaɗai ta ja zare. Na ɗaga ƙwaryar na sha a gabansu. Liman ya ce yarinya ajalinta ne ya zo, kuma duk wanda ya furta kalmar nan a kan baiwar Allah ya nemi gafararta tun tana da rai. Tabawa ta rufe fuska da mayafi tana kuka. Wasu suka sunkuyar da kai. Wani dattijo kuwa ya tashi ya kaɗe rigarsa ya ce shi dai ƙwarya ba ta isa ta gaya masa abin da ya sani ba. Har yau yana nan a kan bakansa.

Washegari na tafi Dungu. Na tarar da Inna a inuwar rumbu tana kaɗi. Ta rame. Na durƙusa na ba ta labari tun daga Yauri har ɗakin liman, ba ta tsayar da mazari ba. Da na gama ta ce, "Sannu da hanya. Ƙafarka ta warke?"

Na ce ta warke. Na ce na zo in tafi da ita gida.

Sai a lokacin ta ajiye abawar. Ta ce, "Idi, ranar da ka raka ni bakin gari, me ke ranka?"

Na so in yi ƙarya, ban iya ba. Na ce, "Na yi shakka, Inna."

"Na sani," in ji ta. "Na gani a yadda ka daina cin tuwon da na tuƙa sai ka ga matarka ta fara ci. Don wannan na tafi, ba don Tabawa ba."

Na kifa kaina a ƙasa na nemi gafara. Ta ɗora hannu a kaina ta ce ta yafe duniya da lahira, amma ba za ta bi ni ba yanzu. Ta sa aka dama mini fura, ta ce in kama hanya tun rana ba ta yi zafi ba.

Yau wata bakwai ke nan. Na sa an sassaƙa sabon turmi, alewa tana karyewa kamar ta mahaifina, kun ci kun sani. Tabawa ta je Dungu da ƙafarta sau biyu. Ni kuwa duk Juma'a in an sauko daga masallaci can nake nufa, in zauna a gabanta, mu yi maganar ruwa da hatsi da waɗanda suka rasu, ba na ta da zancen komawa. Juma'ar da ta wuce, har na miƙe zan tafi, ta kira ni ta tambaya wa yake yi mini tata yanzu. Na ce matata. Ta ce yarinyar nan ba ta iya matsa ba, rabin zaƙin a tsumma take barinsa. Ta ce in an fara saran raken bana in aiko mata da jaki.